Yatsan Alhaji Sabo a Guangzhou

Talata: Kano, Legas, Addis Ababa

Huɗu da rabi na asuba Alhaji Sabo ya danna mini hon a ƙofar gida, ko ladanin unguwarmu bai gyara murya ba, alhali jirgin Legas sai bakwai. Ga wanda bai san shi ba, Alhaji giris da baƙin mai yake sayarwa a Ƙofar Ruwa, masu injin niƙa daga Bichi har Wudil wajensa suke zuwa. Shekara talatin bai taɓa karanta rubutun gwangwani ba. Dangwala yake yi, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya ja ya ga zarensa, shi ke nan an yanke hukunci. Wannan karon kwantena guda zai cika da giris, zuwansa Sin na farko. Ni zuwana na shida, takalma na je sarowa.

Mun wuni a Legas, muka kwana a sama, muka sauya jirgi a Addis.

Alhamis: Sanyuanli

Goma da kwata na safe muka sauka Guangzhou. Watan Janairu ne, ga yayyafi, ga sanyi mai shiga ƙashi. Malam Isufu, mutumin Damagaram da ya shekara tara yana yi wa ’yan kasuwa lodi a can, shi ya tare mu, ya kai mu masauki a unguwar Sanyuanli, kwai ɗari da ashirin ɗaki. Kwai shi ne kuɗinsu a bakin kasuwa. Garin duk girmansa ɗakunansu ba abin ɗumama su, wai su ’yan kudu ne, sanyi na ’yan arewa ne. Ko ruwan sha ka nema tafasasshe za a miƙo maka. Muka ci taliyar da ake ja da hannu a shagon wasu Musulmi, kwai shida kwano. Isufu ya koya mana in an zuba maka shayi ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. Alhaji ya ce gari ne na masu hankali, tunda sun san darajar yatsa.

Asabar: sito

Minti arba’in a tasi. Mai siton wata mata ce gajeriya, “lawban” muke ce mata, wato shugaba. Ta buɗe bokitin irin giris ɗin da take aika wa ƙasashenmu. Alhaji ya dangwala, ya ji shi a sandare kamar man kaɗanya, ya ce kwantai ne. Ya zaga can ƙurya ya hango wasu bokitai shuɗɗa masu hoton farar dabba a kan ƙanƙara. Ya buɗe, ya murza, ya lumshe ido. Ya ce yawwa, ga giris.

Matar ta kaɗa hannu tana “meyo, meyo”, wato babu. Isufu ya fassara: wannan na lokacin sanyi ne, na Rasha da can arewacin Sin, inda direba kan hura wuta a ƙarƙashin babbar mota kafin ta tashi. Da gangan aka yi shi da laushi don kada ya daskare. Sanyin sito ne ya sa ya yi daidai da hannun Alhaji, shi kuma ya sandarar da wancan. In ya ji ranar Kano da zafin inji, tsiyayewa zai yi.

Alhaji ya ja ni gefe. “Ka ji ko? Ni ma haka nake yi a shago. Duk kayan da mai kaya ya hana ka, shi ne na gaske, ya ajiye wa manyansa.”

Na ce ranka ya daɗe, ko mu ɗora kaɗan a kan butar shayi mu gani. Ya tambaye ni tun yaushe mai takalma ya fara fatawa a kan giris. Matar na ƙi, shi yana ƙara yarda. Daga ƙarshe ta ɗaga kafaɗa ta rubuta masa odar shuɗin. Aka tsayar da lodi Juma’a mai zuwa, ta ba shi ƙaramin gwangwani ya riƙe na gwaji.

Lahadi da Litinin na yi su a kasuwar Zhanxi cikin takalma. Ban sake tayar da maganar ba.

Laraba: Legas, Kano

Biyu na rana muka sauka Legas, jakunkuna suka sha rana a fili kafin su fito. Jami’in da ke duba kaya ya ɗauko gwangwanin ya ce a buɗe. Alhaji ya buɗe da isa, ya dangwala don ya nuna masa. Abin ya biyo yatsa, ya gangaro gwiwar hannu kamar koko, ya ɗiga a kan shadda. Jami’in ya tambaya ko miya ce.

Mun yi awa guda a benci muna jiran jirgin Kano. Saura kwana biyu lodi, kuma a Ƙofar Ruwa inji ɗaya ya ƙone da kayanka, sunanka ya ƙone tare da shi. Can sai ya ce in ara masa wayata, tasa ba caji. Da caji, na gani.

“Malam Isufu, ka ce wa lawban na sake shawara. A loda wancan na farkon. Shuɗin a bar wa mutanen Rasha, bayin Allah suna cikin sanyi, bai kamata mu ƙwace musu ba.”

Shida saura kwata muka sauka Kano, na yi magariba a masallacin unguwarmu. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ga Malam Isufu da ya sauya lodin bai yi dariya a waya ba, da kuma jami’in nan na Legas. Duk yawona, ranar na fara ganin binciken kaya ya amfani mai kaya.