Kukan da Aka Yi Kamfen da Shi

Ban taɓa taka ƙasar Filifin ba, amma an yi kamfen ɗin zaɓe da fuskata a can. 

A lokacin ina aikin nas a wani asibiti mai zaman kansa a Doha, ƙasar Katar, ina zaune a unguwar Muntaza, a wani tsohon bene da hayaƙin mai gasa kaji na ƙasa ba ya barin labulensa. Ɗaki ɗaya muke kwana da wata abokiyar aikina 'yar Filifin. Na girme ta, don haka take ce mini "Ate", wato yaya a harshensu, ni kuma in ce mata ƙanwata. Gajeriya ce mai sanyin hannu, irin nas ɗin da ke samo jijiya a hannun tsohon da kowa ya gwada ya kasa. Ta koyi cin tuwon semo da miyar kuka da hannu. Ni kuwa har muka rabu ban iya haɗiye kifinta mai tsami ba.

Mahaifinta na san shi kamar mun taɓa zama tabarma ɗaya, domin kusan kullum sai ya kira ta ta bidiyo. Tsohon malamin firamare ne a wani ƙaramin garin masunta a bakin teku. Idan ya hango ni ina wucewa ta bayanta sai ya ɗaga hannu ya ce, "Sista Najeriya, yarinyar nan tana cin abinci kuwa?" Yana fama da ciwon ƙoda, ana kai shi wankin ƙoda a babban garin da ke kusa da su. Duk da haka mutanen garin suka taso shi gaba sai ya tsaya takarar magajin gari, saboda sun gaji da gidan da ya daɗe yana riƙe da kujerar. 'Yarsa ba ta so ba.

"Papa, da ƙyar kake hawa matakalar coci," na ji ta ce masa wata rana. "Ina za ka kai wannan kaya?"

Ya yi dariya ya ce rabin masu zaɓen shi ya koya musu rubuta sunansu, ba zai iya kallon idonsu ya ce a'a ba.

Yana da ƙane, wato baffanta, mai motocin tifa da ke kwasar yashi a bakin kogi. Sun daɗe ba sa ga maciji saboda wani filin gado. Duk tsawon jinyar nan, mutumin da yake da motoci jere a ƙofar gida bai taɓa aiko da ko ɗaya a kai yayansa asibiti ba. A keke mai ƙafa uku ake ɗaukar tsohon, ya dawo yana layi. A zaɓen da ya wuce ma, baffan yana bayan waɗanda yayan nasa ke shirin karawa da su.

Ana saura 'yan makonni zaɓe tsohon ya rasu. Da safe ne, muna tsaye bakin titi muna jiran bas ɗin asibiti, wayarta ta yi ƙara. Ta saurara, sai ta zauna a kan dakalin titi da fararen kayanta. Direban bas ɗin ya iso ya tsaya yana danna hon yana cewa yalla, yalla, wato mu yi sauri, har na yi masa alama ya tafi.

Hutu bai samu nan take ba. Sai an sami mai riƙe aikinta, sai kafil, wato wanda bizarta ke hannunsa, ya sa hannu, kullum ana ce mata gobe in sha Allahu. Su kuwa a can ba sa gaggawar binnewa. Gawa takan kwana da kwanaki a falo cikin akwati mai murfin gilashi, a kafa rumfa a ƙofar gida, mutane na zuwa suna tafiya. Wannan bai ba ni mamaki ba, mu ma a cocinmu can gida mukan ajiye gawa a asibiti har dangi na nesa su iso. Na ɗauka ita ake jira.

Ana cikin wannan jira ne ɗan baffan nata ya kira ta, muna ɗakin hutun nas-nas da tsakar rana. Ya ce ta daure, zai nuna mata fuskar mahaifinta. Ya kai wayar saman gilashin. An shafa wa tsohon hoda, an sa masa farar riga mai aiki a ƙirji, ya ƙanƙance kamar yaro. Ta kurma ihu ta ce "Papa!" Na rungume ta ta baya. Ni ma kukan ya ƙwace mini, don na san mutumin nan, ya sha tambayata lafiyar 'ya'yana. Turancin ma ya gudu daga bakina, da Hausa nake ce mata, "Yi haƙuri, ƙanwata, yi haƙuri, Allah na nan." Ba mu san yaron yana naɗar komai ba.

A ranar da yamma ta yi mini bayanin wata doka tasu. Idan ɗan takara ya mutu gab da zaɓe, wani mai sunan gida iri ɗaya da nasa zai iya maye gurbinsa, ƙuri'un da aka jefa wa sunan su zama nasa. Ta faɗa mini haka tana ninke kaya a akwati, muryarta a bushe. Na ce to wa zai tsaya, mahaifiyarki?

"Baffana," ta ce. "Tun kafin a gama yi wa Papa wanka ya je ya shigar da sunansa."

Bayan kwana biyu wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini, shi ma ɗan ƙasarsu, ya tare ni a baranda da wayarsa a hannu. Ya ce, "Sista, ba ke ce wannan ba?"

Ni ce. Ga ni nan baki buɗe, majina na zuba, na ƙanƙame ta, katin aikina na lilo a ƙirji. An rage gudun hoton, an ɗora masa wani kiɗa mai sanyi. Akwai rubutu a ƙasa da harshensu. Na ce ya fassara mini, ya yi ta sosa ƙeya kafin ya ce wai har baƙi a ƙasashen waje suna kukan Malam, kada a bari hawayen 'yarsa su zuba a banza. Daga nan sai ga baffan, sanye da riga mai launin kamfen ɗin yayansa, ya dafa akwatin gawar da hannu ɗaya, ɗayan yana share idon da babu komai a cikinsa.

Na ajiye farantin maganin da ke hannuna. Ba wannan ne karo na farko da na ga irin haka ba. Shekarun baya, da aka kai hari ƙauyen mahaifiyata aka kashe mana mutane, wani ɗan siyasa ya zo gaisuwa da buhunan shinkafa da mai ɗaukar hoto. Ya tarar matan sun gaji da kuka sun yi shiru. Da idona na ga wani yaronsa ya sunkuya yana ce wa gwaggona ta ɗan ɗora hannu a ka, Oga zai iso wurinta. Na ɗauka na baro wannan ƙazanta a gida. Ashe tana da 'yan uwa a tsallaken teku, kuma ga shi sun laluɓo ni har cikin ɗakin hutuna.

Abin bai tsaya nan ba. Bidiyon ya yi yawo a tsakanin ma'aikata har ya kai ofishin manaja. Aka kira ni. Wai an ɗauki hoto a cikin asibiti, da kayan aiki, da tambarin asibiti a katina, an sa a harkar siyasa. A ƙasar nan kuwa kowa ya san siyasa ba abin da baƙo ke taɓawa ba ce. Na tsaya a gaban mutum kamar ɓarauniya ina rantsuwa cewa ban ma san sunan garin da ake zaɓen ba. Ya saurare ni yana kallon kwamfutarsa, ya ce halas, wato shi ke nan, wannan karon gargaɗi ne. Na fito ina tunanin 'ya'yana da ke makaranta a gida da abin da zai same su da an ce in haɗa kayana.

Da muka koma ɗaki na ce ta kira mini baffan ta bidiyo. Ta ce, "Ate, ba ki san shi ba." Na ce yau zan san shi. Ya ɗauka yana zaune a ƙarƙashin rumfar makokin, a bayansa ana karta ana dariya, ga wata ƙatuwar fosta mai hotonsa kafaɗa da kafaɗa da mamacin.

"A, Sista!" ya ce da Turanci. "Kin yi suna a garinmu. Kowa na tambaya wace ce baƙar nan mai zuciyar zinariya."

Na ce, "Wa ya ba ka izinin sa fuskata?"

"Don girmama yayana ne."

"Yayanka da ake kai wa asibiti a keke kana da motoci?"

Murmushin bai bar fuskarsa ba. Ya ce ni baƙuwa ce, ban san al'adarsu ba, maganar gida ce. Na ce baƙuncin nawa bai hana ka kamfen da ni ba. Na ce ya cire bidiyon. Ya ce ai ba shi ya sa ba, magoya baya ne, wa ke iya hana mutane ƙaunar mamaci? Sannan ya ce in gaishe masa da 'yarsa, ya kashe wayar. 'Yar tasa tana zaune a gefena a bakin gado, ko kallonta bai nemi yi ba.

Daga ƙarshe ta samu hutun ta tafi. Ta isa, amma ba a binne tsohon ba. Yau a ce limamin coci ba shi da lokaci, gobe a ce ana jiran wasu dangi daga birni. Takan kira ni ta ce, "Ate, hodar fuskarsa ta fara tsagewa, kullum sai an zo an ƙara." Ita nas ce, ta san abin da ke faruwa a ƙarƙashin gilashin nan. Kowace yamma kuwa baffan na tsaye a rumfa da lasifika, masu gaisuwa na karɓar kofi da biskit da ƙaramar takarda mai hotonsa.

Sai da zaɓe ya zo dab aka ɗauki gawar. Maƙabarta ba ta da nisa da gidan, amma aka ɗora akwatin a kan tifar baffan da aka wanke aka yi wa ado da furanni, aka zaga da shi kasuwa da bakin jirgin ruwa da kowane lungu. Motar da ba ta taɓa ɗaukarsa da rai ba. A filin gari aka tsaya, aka hau da mahaifiyarta kan dandamali, aka zaunar da ita a kujerar roba da hoton mijinta a cinya. An nemi 'yar ma ta hau, ana ta kiran "'yarmu ta Katar" a lasifika. Ta ƙi. Ta tsaya a jikin tayar motar har aka gama.

Na tambaye ta me ya sa mahaifiyarta ta yarda. Ta ce baffan ya yi alkawarin sama wa ƙanenta aiki a ofishin gari, ya kuma ce zai bar maganar filin. Tsohuwa ce da mijinta ya mutu, za ta ci gaba da zama a garin bayan kowa ya watse. Ban ga laifinta ba. Haushina ya ƙaru ne kawai. Ita kuwa 'yar ko ƙuri'ar da za ta huce da ita ba ta da ita, don rajistarta ta masu zama a waje ce, su kuma ba sa zaɓen magajin gari.

Ya ci zaɓen, da rata mai yawa. Masunta da tsofaffin ɗaliban Malam sun fito sun dangwala wa sunan da suka sani, wasu suna kuka. Washegari da safe yaransa suka zo suka kwashe rumfar da kujerun, har da tukunyar kofi. Aikin da aka yi wa ƙanen abokiyar tawa alkawari bai zo ba.

Ta dawo Doha ta rame, ta koma aiki a ranar da ta sauka. Ta daina kiran bidiyo gaba ɗaya, ko da mahaifiyarta sai dai murya.

Wata Juma'a muka je sayen kifi a wani babban kanti a unguwar da ake kira Matar Ƙadim. Ina tsaye da kwando sai wani mutum mai rigar kamfanin gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya tsaya yana kallona. Fuskarsa ta washe. Ashe ɗan yankinsu ne. Ya ce ya gane ni, ni ce wadda ta yi wa Malam kuka, matarsa ma ta yi ta hawaye da ta gani, dukansu ƙanen Malam suka ce a zaɓa. Ya zaro waya ya matso kusa da ni wai mu ɗauki hoto ya aika gida.

Kafin in buɗe baki ƙanwar tawa ta shiga tsakaninmu. Ta yi masa magana da harshensu, a hankali, ba ta ɗaga murya ba, ta daɗe tana yi. Na ga murmushin mutumin yana sauka. Ya mayar da wayar aljihu, ya ɗan sunkuyar da kai gare ni, ya tura keken sayayyarsa ya wuce.

Ban tambaye ta abin da ta ce masa ba. Ta juya wurin mai kifi, ta nuna wanda take so, ta ce a cire masa ƙaya a yanka shi uku.