Saminu Danƙo a Bayan Raga

Ranar kasuwar Badagishiri kankana ta suɓuce daga kan amalanken wani mai garka, wato lambu. Kowa ya kauce, ban da Saminu Danƙo. Da girmansa da furfurar gemunsa ya daka tsalle, ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Mazagin wandonsa ba a yi shawara da shi ba, sai ya tsinke. Gwiwarsa ta dama kuma ta ƙage. Sai ga Saminu kwance gaban rumfar surukarsa mai daddawa, wando a ƙauri, kankana a ƙirji. Hannu biyu gare shi, duka suna bakin aiki. Aka ce ya saki ya ja wandonsa, ya ce gola ba ya saki sai abin ya gama motsi. Surukar ta juya baya, ta shiga gyaran daddawar da babu abin da ya same ta.

Wanda bai san shi ba sai ya ce taɓin hankali ne. Sabo ne kawai. A zamaninsa babu mai tsaron raga irinsa daga Badagishiri har Konni. Balo, wato ƙwallo, in ta taɓa tafinsa ta zauna ke nan, shi ya sa aka sa masa Danƙo. Wata ƙungiya a Konni ta aiko za ta ɗauke shi, har ya sayi jaka mai zif. Saura wasa ɗaya da 'yan Illela ya yi sallama da gari. Filin kuwa nan ne masu dabbobi ke ɗaure shanu ranar kasuwa, wani ya bar turkensa binne cikin rairayi. Saminu ya tashi sama ya kama balo, gwiwarsa ta sauka ta kama turke. An kai shi likita, an kai shi wurin maɗori. Ƙafar ta warke yadda ta ga dama. Jakar na nan har yau, matarsa Tsahara na ajiye irin albasa a ciki.

Daga nan ya koma noman rani. Amma duk ranar wasa, tun kafin a ɗaura raga yana can bayanta bisa 'yar kujerarsa, ƙafa miƙe kamar taɓarya. Bai taɓa kallon wasa daga gefen fili ba. A ganinsa can wurin masu cin gyaɗa ne, balo ba ta da ma'ana sai in tana tahowa wajen fuskarka. Albasa ke ciyar da shi, amma bayan ragar nan ne kaɗai har yanzu ake ce masa gola ba a haɗa da “a da” ba.

Matsalar ita ce bakinsa. Golan gari na yanzu, Awal tela, da numfashi ɗaya yake jin “Fito!” da “Koma!” Ya fita rabi, ya koma rabi, balo ta wuce ta tsakiya. Da wasa da 'yan Malbaza ya matso, Awal ya rantse ko shi ko Danƙo. Muttaƙa mai gyaran babur, shugaban ƙungiya, ya iske Saminu a garka yana ban ruwa.

“Kawu, an yi mitin. An ce don Allah ka huta da zama bayan ragarmu.”

“Wa yac ce?”

“Kowa da kowa, Kawu.”

“Har Awal? Ni na koya mai ɗaurin takalmi.”

“Shi yaf fara.”

Saminu ya ci gaba da ba kwami ɗaya ruwa har albasar ta fara iyo. Kwana biyu bai taɓa tuwon kirki ba. Tsahara ta ce masa ya je ya zauna gefe kamar kowane dattijo, ya dube ta kamar ta ce ya je ya yi talla.

Ranar wasa ya ɗauki kujerarsa, ya ɗingisa ya wuce ragar gari ko kallonta bai yi ba, ya dasa ta bayan ragar Malbaza. Ai ita ba a hana shi ba. Golansu wani dogo ne mai ladabi, mai lodin siminti, an yi masa tarbiyyar jin maganar manya. Saminu kuwa da ya ga gola tsakanin itace biyu ya manta ɗan wane gari ne. Da zuciya ɗaya ya shiga taimakonsa.

“Fito, ɗana!” Dogo ya fito, aka ɗaga masa balo bisa kai ta faɗa raga. Ɗaya.

“Wanga karo tsaya, kak ka motsa!” Dogo ya tsaya kamar an shuka shi. Biyu.

Fili ya ɗauki ihu, ana Danƙo, Danƙo, rabon da ya ji haka tun kafin turke. Shi kuwa ransa a ɓace, yana faɗa wa dogo ai laifin masu tsaron bayansa ne.

Aka busa hutun rabin lokaci. Kamar kullum, ƙungiyoyi suka yi musanyar gefe. Dogo ya kwashi safar hannunsa ya yi gaba ba sallama. Can sai ga Awal tahe, ya hango wanda ke jiransa, ya ja ya tsaya tsakiyar fili ya ƙi ƙarasowa. Muttaƙa ya sheƙo da gudu, ya durƙusa gaban kujerar.

“Kawu, aikinka ya yi kyau, wallahi! Tashi ka bi dogo can ka ƙarasa muna shi. Ni zan ɗaukar ma kujera.”

Sai a lokacin Saminu ya gane abin da ake yi wa ihu. Ya dubi Muttaƙa, ya dubi Awal, ya gyara miƙewar ƙafarsa, ya ƙara nutsa kujerar cikin rairayi.

“Waccan kunka hana ni, na kuwa bar muku ita. Wagga ni na riga golanku zuwa. In yana tsoron bakina, ku tumɓuke ragar ku kai mai inda yake tsaye.”