Zarton da Ya Ci Karsanata

Shekarar da kogin Haɗeja ya cinye mana shinkafa a fadama, maigidana ya ce shi da noma sun raba gari, kafinta zai koma. Ya taɓa riƙe wa wani kafinta katako a Malam Madori, shi ke nan wai ya iya. Lokacin Turawa na ta gine-gine, ana neman masu yin ƙofa da benci. Saura zarto, abin sayarwa kuwa ɗaya ne a gidan, karsanata, wadda na rena tun tana maraƙa. Na ba shi, amma ba da daɗin rai ba.

Ya dawo daga kanti da zarto naɗe a tsumma, yana ta washe baki. 'Yar maƙera ce ni, ƙyalli ba ya ruɗa ta. In abin nan ya tashi gwangwani, ba saniya, ba sana'a, ga rumbu wayam.

Washegari da hantsi babana ya zo. Suka zauna a zaure, ina leƙen su ta hudar zana. Baba ya fara hura wa zarton huci, ya zuba ido. Ƙarfen kirki nan da nan yake shanye huci, wannan kuwa sai da ya yi nawa. Ya rataye shi a yatsa, ya ɗalle shi da farce, ya kara kunne. Ƙarar ba ta yi nisa ba ta mutu. Saura lanƙwasawa, ita ce nake tsoro. Ya danne ƙotar da gwiwa, ya jawo bakin a hankali har ya kusa taɓa ta, sannan ya saki.

Zarton ya miƙe, amma da saura. Wani ɗan doro ya rage a tsakiya, wanda sai wanda ya tashi a maƙera zai gani.

"Baba, yaya aka gani?" in ji maigidana, yana durƙushe, kansa a ƙasa.

Babana mutum ne da bai iya tauna magana ba, na san yanzu zai fasa ta. Sai ya ɗago kai, idonsa ya faɗa cikin nawa.

"Zai yi aiki," ya ce. "Haƙoransa ne ke son kulawa. Duk ranar kasuwa a kawo min shi."

Maigidana ya shiga gari yana cewa surukinsa ya yaba. Ni na san abin da Baba ke yi wa zarton nan duk ranar kasuwa: a kwantar da shi a kan uwar maƙera, a bi doron da guduma a hankali, a wasa haƙoran da magagari. Da shi muka ci tuwo shekara da shekaru, kullum ina fargabar ranar da zai tona kansa. Baba bai taɓa ɗauko min zancen ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba a yi arba'in ɗin rasuwar Baba ba zarton ya fara karkacewa a cikin katako. Maigidana ya yi ta juya shi, yana tambayata ko yara ne suka taka shi. Na tashi na shige ɗaki.