Yadda Aka Raba Cikin Kawu Thol

Ku gyara tsayuwa, jama'a, mai hula ya cire, mai tauna ya haɗiye. Ga Kawu Thol na garin Kratie, Sarkin Suɗi na Gabas da Kogin Mekong, Magajin Ragowa, Dodon Kwanuka, mutumin da ya cinye rabon baƙi daga ƙasa arba'in ba tare da ya taɓa mallakar fasfo ba! In kun waiwaya ba ku gan shi ba, ku leƙa bayan falwayar lantarki, yana nan tsaye. Siriri ne kamar sandar tuƙa kwalekwale, har in iskar kogi ta taso sai ya riƙe wani abu.

Kawu Thol yana aiki da wani kamfanin yawon buɗe ido da ke bakin ruwa. Kamfanin kan kwashi baƙi ya kai su tsoffin haikalan dutse waɗanda saiwar itace ta naɗe, ya sauko da su garuruwan bakin kogi, a rana ta ƙarshe kuma a hau tsaunukan gabas. Vuthy, jagoran baƙi, yana da riga mai tambari da 'yar tuta. Direba yana da sitiyari. Shi Kawu Thol ciki gare shi. A takardar aiki an rubuta masa "mai ɗaukar kaya", kuma ba a yi ƙarya ba, sai dai ba a ka yake ɗauka ba.

Abin da ya kawo sana'ar shi ne halin baƙon. Baƙo yana son ya ɗaga soyayyen gizo-gizo, ya buɗe baki, a ɗauke shi hoto. Da an ɗauka, sai ka ga yana waige-waige yana neman inda zai ajiye. A kasuwa wannan ba komai ba ne. Amma a gidan mutane, inda tsohuwa ta tashi tun asuba ta cusa daddawar kifi da gauta cikin kurtun gora ta gasa a wuta, ba a mayar da kwano da abinci a ciki. Don haka Kawu Thol kan zauna bayan layin baƙi, ya jingina da ginshiƙi, ya shimfiɗa mayafinsa mai gida-gida a cinya. Sai Vuthy ya nuna sama ya ce, "Ku dubi yadda aka ɗaure rufin nan, ko ƙusa ɗaya babu!" Masu gida su ɗaga kai, kwanuka su yi baya, kafin a sauko da ido sun dawo tas kamar an wanke.

Kada ku ce haɗama ce. Kawu Thol ya yi wayo ne a shekarun yunwa, lokacin da ake bai wa mutum ruwan zafi da ƙwayar shinkafa bakwai tana iyo a ciki a ce masa abinci ne. Tun daga nan ba ya iya ganin shinkafa za ta tafi bola. Yana dako a tashar jirgin ruwa Vuthy ya gan shi yana bin tebur yana share abin da wasu baƙi tara suka bari, fuskarsa a murtuke kamar mai aikin gayya. Vuthy ya tsaya har ya gama, sannan ya ce, "Kawu, akwai sauran wuri?" Kawu Thol ya taɓa cikinsa ya yi ɗan tunani, ya ce, "In babu ƙashi." Washegari ya fara aiki.

Sharaɗin aikin ɗaya ne: ya fito daga gida ciki wayam. To ga inda matsalar take. Matarsa, Goggo Sakhon, taliyar shinkafa da koren romon kifi take sayarwa a kasuwa. Da safe ba zai ci ba, domin aiki. Da yamma ya dawo yana numfashi da ƙyar, ko ƙamshi ba ya son ji. Shekara goma sha ɗaya tana zuba masa tana juye wa alade. Aladen ya yi ƙiba har ya daina tashi, sai dai ya bi mutum da ido.

Matan kasuwa kuwa ba su bar ta ba. In mai saye ya nufi rumfarta, sai ta gefe ta ce, ba ƙasa-ƙasa ba, "Je ka ci mana, wataƙila kai za ka iya. Mijinta dai ya gwada, ga shi can kamar tsinken tsire." Benci ya fara zama babu kowa. Wata ranar Laraba Goggo Sakhon ta dawo da rabin tukunya ba a saya ba, ta dire ta a gabansa.

"Uban yara, saurara da kyau. Ran Asabar da yamma zan fito da tebur ƙofar gida. Na gayyaci maƙwabta, na gayyaci 'yan kasuwa, har mai baƙin bakin nan ta gefena. Za ka zauna ka cinye kwano guda a gabansu, ka lashe."

"Asabar fa ranar tsauni ce, uwar yara."

"Ko ranar tashin duniya ce. In ka rage zare ɗaya na taliya, motar safe za ta kai ni Kampong Cham wurin yayata. Ka zauna da aladenka, dama shi ya san darajata."

Ya duba ya ga ta riga ta ɗaure rariyarta da ludayinta cikin zani. Goggo Sakhon ba ta ɗaure ludayi don wasa.

Asabar ta zo da baƙi goma sha tara, kuma tun a mota Vuthy ya raɗa masa cewa sha biyu ba sa cin abin da ya taɓa numfashi, saura bakwai cikinsu ya ɓaci tun a haikali. Wato kwano goma sha tara, duk nasa. Kawu Thol dai da shirinsa ya fito. Ya riga ya ɗaure ƙafafun wandonsa da igiya, ya sa riga biyu, ya aro malafa mai zurfi.

Suka isa ƙauyen kan tsauni, inda aka saba ciyar da baƙi, da rana tsaka, aka shiga doguwar bukkar Kaka Drim, tsohuwar da ke shugabantar girkin baƙi, mace guntuwa mai lofe a baki kullum. Vuthy ya nuna rufi, kwanuka suka yi baya. Amma yau maimakon baki, sai shinkafa ta shiga riga, gasasshen kwaɗo ya shiga malafa, miyar gora ta gangara ƙafar wando ta hagu, da zafinta. Kawu Thol ya ciji leɓe, hawaye na zuba, bai motsa ba. Kafin a kai kwano na goma karnukan ƙauyen sun jeru a bakin ƙofa su takwas, babu mai haushi, suna kallonsa kamar masu jiran a raba gado.

Kaka Drim ta cire lofe.

"Kai, Siriri. Muƙamuƙinka ba ya motsi."

Vuthy ya yi maza ya ce, "Kaka, ai ba ya ci, mai ɗaukar kaya ne. Baƙi ne suke..."

"Rufe min baki, jikana. Shekara goma sha ɗaya kana nuna min rufin da na ɗaura da hannuna. Ka ɗauka ƙusa nake nema a can? Kara nake yi masa, kada ya ƙware."

Ashe duk ƙauyen sun sani. Tun shekara ta biyu suka daina yi wa baƙi girki, Siriri suke yi wa. Sun lura yana fara ɗaukar mai yaji, sai suka ƙara barkono. Matan har gasa suke, ta wa zai fara sharewa. Kuma sun daɗe da yanke hukunci a tsakaninsu cewa mutumin da ke ci haka, ya kuma kasa yin ƙiba, to matarsa horon yunwa take masa, shi ya sa kowace shekara suke ƙara girman kwano.

"Yanzu ga shi ka daina ci," in ji Kaka Drim, ta taɓa goshinsa. "Gumi, hawaye, ƙafa ɗaya ta kumbura. Kurwarsa ta faɗi a hanya. A kamo kaza."

"Kaka, lafiyata ƙalau!"

"Haka duk suke cewa."

Aka yanka kaza, aka dafa, aka ɗaura masa zare a wuyan hannu, tsofaffi suka tsaya a ƙofa suna kiran kurwarsa da suna ta dawo gida. A ƙauyen Kaka Drim kuwa, shaidar kurwa ta dawo ita ce mai ita ya cinye kazar shi kaɗai. Ya cinye, ana kallo. Da ya miƙe zai yi godiya sai igiyar wando ta tsinke, malafa ta faɗi, abincin mutum goma ya zube a tabarma. Karnuka suka yunƙura. Wata mata ta ce a bar musu kawai. Kawu Thol ya dubi shinkafar nan fara a ƙasa, ya dubi karnukan, ya tuna tebur a ƙofar gida, sannan ya durƙusa a hankali kamar wanda za a yanke wa hukunci, ya fara tsincewa yana kaiwa baki.

Sai da ya gama, yana kwance rigingine yana kallon rufin da gaske a karo na farko, ya gaya musu komai. Kaka Drim ta miƙe. Ta cusa taba a lofe, ta fita, ta shiga motar kamfani ta zauna a kujerar Vuthy.

Rana ta yi sanyi lokacin da motar ta tsaya a ƙofar gidan Kawu Thol, baƙi da komai, domin tsohuwar ta hana a biya ta masauki. Ga tebur, ga kwano yana turiri, ga rabin kasuwa a kan benci. Mutum biyu suka sauko da Kawu Thol. Goggo Sakhon ta kalli cikinsa sau ɗaya, ta juya za ta ɗauki ƙunshinta.

"Ke ce mai bar min shi da yunwa?" in ji Kaka Drim.

"Au, ke ce mai cika min shi? Inna, na daɗe ina neman ki."

"Miƙo in ji abin da yake gudu."

Tsohuwar ta ja kwanon ta ɗanɗana. Ta sake ɗanɗanawa. Ba ta ɗago ba sai da ta ga ƙasan kwano, sannan ta juya ga benci ta ce, "Wace ce ta ce wannan ba ya ciwuwa? Ta tashi in gan ta." Babu wadda ta tashi. Mai baƙin bakin ta shiga gyara takalminta.

"Na gode, Inna," in ji Goggo Sakhon, "amma ba ke na aura ba." Ta sake cika kwano ta tura gaban mijinta.

Kawu Thol ya ɗauki tsinken cin abinci. Zare ɗaya, ya huta. Zare biyu, ya miƙe ya yi tsalle sau uku don abin ya zauna, ya koma. Wani tsoho ya riƙa yi masa fifita, maƙwabta na ƙirga loma da ƙarfi kamar ana tseren kwalekwale. Da ya ɗaga kwanon ya shanye romon, ya kife shi a tebur babu abin da ya ɗiga, har baƙi sai da suka tafa.

Matan biyu kuwa ba su tafa ba, suna can sun fara ciniki. Kaka Drim ta zaro gawayi daga murhu, ta ɗage masa riga, ta ja layi a saman cibiya. Goggo Sakhon ta ce an cuce ta, ta goge da yawu ta hau da shi sama yatsa biyu. Aka ja, aka goge, aka sake ja, shi dai yana tsaye ya ɗaga hannuwa. A ƙarshe aka daidaita: daga layi zuwa ƙasa na matar gida ne, za ta cika shi kowace safiya a rumfarta, a benci na gaba inda kowa zai gani. Abin da ya rage a sama na ƙauye ne, kuma za a koma ƙananan kwanuka. Vuthy ya buɗe baki zai kawo zancen sharaɗin kamfani, matan suka juyo tare, sai ya ɗaga tutarsa ya shiga bayyana wa baƙi cewa wannan al'ada ce tun zamanin da aka gina haikalai. Suka yi ta ɗaukar hoto.

Goggo Sakhon ta kwance ƙunshinta a ranar. Yanzu in ka je rumfarta da safe sai ka jira wuri, ga Kawu Thol a gaba yana ci da natsuwa kamar allon talla.

Jiya na same shi a gindin mangwaro yana hutawa tsakanin rabon ƙasa da rabon sama. Na ce, "Kawu, ka san kai kaɗai ne a ƙasar nan aka shata wa iyaka a jiki, ƙasashe biyu suka sa hannu? Na rubuta tarihinka kaf, jikokin jikoki za su karanta!"

Bai ko buɗe ido ba. Ya ce, "Matsa gefe, ka tare min iska."