Soron Shekara

A Matameye, in aka ce Ɗan'azumi magini, to an gama magana. Soron da ya rufa, ko sama ta yini tana zuba, ɗigo ba ya taɓa tabarmar mai ɗaki. Magana guda ya gada wurin ubansa, ya riƙe ta kamar karatun salla: ruwa daga sama yake zuwa, ƙasa yake nufa, ka tsare kan gini, ka daidaita indararo, ka yi barcinka. A kan tudu, inda ya yi dukan aikinsa, maganar ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Da Nasara suka ce a tudun unguwarsu za a kafa bariki, sai aka tashe su, aka nuna musu bakin fadama, kusa da lambunan rake, inda ruwan rijiya kusan da hannu ake ɗiba. Matarsa Shekara ta sha kuka. Tare suka tsufa, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma tun tana amarya yake yi mata alkawarin soro suna kwana a bukka. Halin magini ke nan, gidan kowa ya gyaru ban da nasa. Don ya share mata hawaye ya cika alkawari: tubali na hannunsa, azarar giginya, yaɓe har yana sheƙi.

Damina ta wuce, soro bai yi yoyo ba. Amma Shekara ta lura gindin bango ya yi duhu, da wani farin layi kamar kanwa a bakin duhun. Ta karce wurin da tsinke. Kafin wata ya sake kamawa, layin ya haye shaidarta.

"Maigida, ruwa na hawa bangon nan."

"Ƙadangare ne shi?" ya ce yana dariya. "Rabonmu da hadari tun kafin girbi."

"To, fitila fa? Mai na ƙasa, wuta na sama."

"Wannan mai ne, ke. Bar wa magini gini."

Ta bar masa, don ba ta saba musu da shi ba.

Da gardawan kumandan, wato dogaran Nasara, suka zo ɗibar magina aikin dole a Damagaram, shi aka fara nunawa. Maganar Shekara ta ɗan tsaya masa a rai, sai ya yi abin da ya sani: ya hau soron ya ƙara masa ƙasa mai kauri, kada ɗigo ya same ta yana nesa. Wallahi ƙauna ce ta sa shi, ba komai ba. Bai san mai ciwon ƙafa yake ɗora wa kaya ba.

Bangon ya zube da rana tsaka, a tsakiyar bazara, sama tas ba ko gajimare. Shekara na ciki tana kaɗin auduga, ta jingina da shi saboda sanyinsa. Masu lambu ne suka tono ta da hannu, suka yi mata sutura.

Sai bayan sadakar arba'in aka sallamo shi. Ya duba rufin da ya faɗi, busasshe ƙayau, ba tsaga ko ɗaya. Ya sa hannu a gindin bango, ƙasar ta lotsa kamar tuwo. Maƙwabta suka ce aikin aljanun fadama ne. Ya so ya yarda, da ya fi masa sauƙi.

Bai ƙara ɗora tubali ba har ya bar duniya. Yawo ya koma yi gida gida, yana durƙusawa yana shafa gindin bangon mutane, yara na cewa tsoho ya zautu.

Amma ranar da ya dawo ɗin nan, da la'asar ta yi, ya tsuguna alwala a bakin kangon, gefen rigarsa ya faɗa cikin ruwan alwalar da ya taru a ƙasa. Ya kai hannu zai janye, sai ya fasa. Ya zuba ido yana kallon jiƙar tana bin zare, a hankali, ba mai tura ta, har ta kai masa gwiwa.

"Na gani, Shekara," ya ce.

Aka yi salla aka watse, yana nan tsugune.