Ranar da Raɓa ta Daskare

Da zarar Nuwamba ta kama, Elbert Gaines ba ya iya zama. Shekara arba'in yana kula da karnukan farautar salwa a wani gandu a kudancin Jojiya, kuma ba ya sakin kare sai sanyi ya kora macizai rami. Kullum da asuba yana waje yana shafa ciyawa.

"Kai tsoho, gahawarka ta huce!" in ji matarsa Odessa. "Shafar ce za ta kawo sanyin?"

Ranar da raɓa ta daskare, ya saki karnukan, suka fita a guje. Ya ɗaga ƙafa zai hau doki, ƙafa ta ƙi. Sanyin da ya yi wata guda yana roƙo, a gwiwarsa ya fara sauka.