Kaskon Jego a Ƙarƙashin Mesa

A markar shekarar 1976, wata safiyar Talata, na tarar da Baba tsugune gaban akwatin gilashi ya zabga tagumi. Kuku ne a gidan wani Bature injiniya a wajen Mando, mu kuma muna zaune a baskwata, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida inda Inna ta shuka kuɓewa da yakuwa. Baturen ya tafi ƙasarsu hutun mako shida, ya bar wa Baba amanar wata 'yar mesa da yake kiwo kamar ɗiyar cikinsa. A saman akwatin akwai ƙwan lantarki mai ba ta ɗumi, a ciki akwai kwanon ruwa da ma'aunin zafi mai jan layi. Umarni biyu ya bari: kada jan layin ya sauka ƙasa da alamar da ya yi, kuma a riƙa yayyafa ruwa a ciki kullum.

Ni aikina kamo ɓeraye. In na taso daga makaranta, yara na langa a fili, ni ina bin ramuka da tarko. Har alfahari nake yi da abin, wawan banza.

To, iska ta kayar da falwayar layinmu, wuta ta ɗauke, ruwa kuma ya ƙi tsagaitawa. Kwana huɗu jan layin yana sauka muna kallo. Mesar ta dunƙule, ta ƙi cin ɓera, idanunta suka yi fari-fari. Baba ya lulluɓe akwatin da bargonsa, ya karanta abin da ya sani ya tofa, a banza. Sai Inna, wadda ko ƙofar ɗakin ba ta yarda ta taka, ta ce daga waje, "Malam, abin da ke gasa mai jego ai zai gasa wannan la'ananniyar." Ta ciko kasko da garwashi, irin wanda aka sa mata lokacin haihuwar ƙanwata, aka tura ƙarƙashin teburin da akwatin yake kai.

Jan layi ya hau, har ya wuce alama. Muka yi murna. Na ɗauko ruwa zan yayyafa, Baba ya buge mini hannu. "Kai, wa ya taɓa jiƙa mai jin sanyi?" Haka muka yi kwana uku ina fifita gawayi, kwanon ciki ya ƙafe, gilashin ya bushe ƙarau. Ashe saɓa take shirin yi, laima take nema. Tsohuwar fatar ta manne mata a ido da wuya, tana ta goga kai a jikin kwanon da babu komai. A nan muka same ta miƙe, ta mutu.

Da Baturen ya dawo bai yi faɗa ba. Ya dubi kaskon, ya dubi Baba, ya ba mu mako guda mu kwashe. Muka koma haya a Rafin Guza, karatuna ya tsaya a aji biyar, aka kai ni wajen mai facin taya, inda nake har yau.

Kwanan baya ɗana ya duba wayarsa, cikin minti ɗaya ya karanto mini duk abin da ya kamata mu yi wa mesar. Ruwan yana hannuna ranar nan, kofi guda ne kacal.